Wankan jego da kunun kanwa: abin da ya kamata ɗalibi ya sani

'Yan'uwana ɗalibai, da wuya a sami wanda bai taɓa ganin jego a gidansu ba. Mun san tukunyar ruwan zafi da ake ɗorawa tun asuba, da ganyen darbejiya, da ƙauri, da kunun kanwa da ake damawa mai jego. Kwanaki arba'in ɗin nan gata ne babba. Ana ɗauke wa mace aikin gida, ana ciyar da ita, a samu wata dattijuwa ta zauna da ita. Likitoci ma sun yarda jikin mace yana buƙatar kusan mako shida kafin ya koma daidai, wato kwana 42. Kun ga lissafin kakanninmu bai yi nisa da na asibiti ba.

Sai dai akwai inda ya kamata mu buɗe ido. A shekarun 1970, likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, ciki har da Davidson da Parry, sun lura mata da yawa suna zuwa da ciwon zuciya makonni kaɗan bayan haihuwa. Ƙafafu a kumbure, ga tari, ga haki, mace ba ta iya kwanciya sai a jingine. Da suka bincika, sai suka ga matan suna shan kunun kanwa kullum, suna kuma kwanciya a gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa.

Masu darasin kimiyya za su gane dalili. Kanwa cike take da sinadarin sodiyam, irin wanda ke cikin gishiri, shi kuwa sodiyam riƙe ruwa yake yi a jiki. Idan ruwa ya yi yawa a jini, sai aikin zuciya ya ƙaru. Zafi mai tsanani kuma yana buɗe jijiyoyin fata, dole zuciya ta ƙara himma wajen tura jini. Zuciyar da ta yi wata tara tana yi wa mutum biyu aiki, ga shi an sake ɗora mata kaya. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya nuna rashin abinci mai gina jiki da hawan jini lokacin ciki su ma suna da hannu, don haka ba kanwa kaɗai za a ɗora wa laifi ba. Duk da haka, a ganina babu asara idan an dama kunu babu kanwa, an kuma sirka ruwan wanka har hannu ya iya jure shi.

Jariri ma yana da nasa haƙƙin. A sa shi a nono cikin awa ɗaya da haihuwa. Dakashi, nonon farko mai kauri da wasu ke matsewa su zubar, shi ne rigakafinsa na farko. Kada a sa wa cibiya toka ko man goge baki. Akwai maganin shafawa mai suna chlorhexidine da ake samu a asibiti, cibiya kaɗai ake shafa wa, kada ya kusanci ido.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ma'aikacin lafiya ya duba uwa da jariri sau huɗu: cikin awa 24 na farko, sai kwana na uku, sai tsakanin kwana 7 da 14, sannan a mako na shida.

Sau da yawa mu ne 'yan aike a gidan jego, mu ne kuma muke zaune a ɗaki lokacin da manya suka shagala da 'yan barka. Idan ka ga mai jego tana zubar da jini da yawa, ko zazzaɓi ya rufe ta, ko tana kukan ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, ko tana haki, ka faɗa wa babba nan take. Haka idan jariri ya ƙi kama nono, ko idonsa ya yi ɗorawa, ko jikinsa ya yi zafi ko sanyi ƙalau. Wasu za su ce a bari sai an yi suna. Ka ce da ladabi, "Inna, don Allah a kai ta asibiti yau."