Amsoshin Tambayoyinku: Me ya kawo Turawa ƙasar Zamfara, me suka bari?

Wani mai sauraronmu daga Wanke yana so ya ji abin da ya kawo Turawan mulkin mallaka, da tabon da suka bari.

To Malam, a wancan lokacin masana'antun Ingila ne ke yunwar auduga da man gyaɗa da fatu, ga kuma tseren da ake yi da Faransa, musamman bayan taron Balin na 1884 zuwa 1885, inda aka tsara rabon Afirka ba tare da ɗan Afirka ko ɗaya a zauren ba.

Ba sai ka yi nisa ba. A Kwatarkwashi, nan ƙasar Bungudu, sojojin Ingila ƙarƙashin Lugga suka gwabza da rundunar Kano a watan Fabrairu 1903, Wazirin Kano Ahmadu ya rasu a fagen. Sakkwato ta faɗi a watan Maris.

Sai aka ɗora haraji da kuɗin Bature. Manomi ba shi da sulalla, dole ya shuka auduga da gyaɗa ya kai kanti, a kuma yanka masa farashi. Layin dogon da ya ratsa Gusau ya kai Ƙaura Namoda a 1929, don jigilar wannan kaya zuwa teku aka shimfiɗa shi, jin daɗin fasinja na baya ne.

Ga kuma iyaka. Ɗan uwanka na Maraɗi ya wayi gari yana karatu da Faransanci, kai da Ingilishi, malamin da ya ƙware a ajami kuwa ofishin gwamnati ya daina neman rubutunsa.