An Haife Shi a Lokacin Tsoro

Karatu: Luka 2:1-24 da Matiyu 2:13-18

Hunturu ya sauko, teloli sun daina barci, yara sun fara ƙirga kwanaki. Kafin mu shiga hidimar biki, bari mu buɗe Littafi Mai Tsarki mu ga irin duniyar da aka haifi Ubangijinmu a cikinta, domin hotunan da ke jikin kalanda sun gyara ta fiye da yadda take.

Luka ya fara labarin ne da umarnin Kaisar Augustas na ƙidaya, kuma sarakunan Roma suna ƙirga mutane ne domin haraji. Wannan umarni ya tashi Yusufu da Maryamu daga Nazarat zuwa Baitalami, tafiyar kimanin kilomita 140. Ya fi nisan Gusau zuwa Funtuwa, ga shi babu mota, ga mace da tsohon ciki. Duk wanda ya taɓa bin hanyar Tsafe yana addu'a a zuci har ya wuce Yankara ya san abin da ake nufi da tafiyar dole. Kaisar yana ganin kuɗi yake tarawa, bai san yana cika annabcin da ke Mika 5:2 ba, inda aka ambaci garin da Mai Mulki zai fito. Allah bai jira hanya ta yi lafiya ba kafin ya cika alkawarinsa.

Su wa aka fara gaya wa? Makiyaya, da dare, a daji. A nan nake so mu daɗe. A Zamfara ta yau, idan aka ce makiyayi, gaban mutane da yawa faɗuwa yake yi, ba kuma banza ba. Akwai waɗanda aka ƙona musu rumbu, akwai waɗanda suka sayar da gona suka biya kuɗin fansa, akwai manoman da sai sun biya 'yan bindiga kafin su girbe dawar da suka shuka da hannunsu. Ba mai cewa wannan ƙaramin ciwo ne. Amma mun san cewa ba kowane mai sanda da garke ne ɗan ta'adda ba. Da yawansu an kwashe musu shanu, su ma gudun hijira suke yi. Mala'ika bai je fadar Hirudus ba, bai je wurin manyan firistoci a Urushalima ba, sai ya je wurin masu kwana da tumaki. Su ne kuma suka fara baza labarin, wato masu bishara na farko. To, ɗan'uwa, yaushe rabonka da yi wa makiyayan wannan jiha addu'ar ceto? Har wanda ke riƙe da bindiga a dajin ma, jinin Yesu bai gaza kansa ba. Idan bakinka ya kasa furta wannan addu'a, roƙi Ruhu Mai Tsarki ya buɗe shi, gama ba da ƙarfin mutum ake yin ta ba.

Sai mu dubi hadayar da suka kai Haikali bayan kwana 40: tsuntsaye biyu. Littafin Firistoci 12:8 ya nuna cewa wannan rangwame ne ga wadda ba ta da halin rago. Iyalin da suka reni Sarkin sarakuna ba su iya sayen rago ba, kuma ba su ci bashi don su rufe wa mutane baki ba. Mu fa? Wani zai karɓi bashin da zai biya har Ista saboda anko da takalmi, ranar 26 ga wata kuma gida ya zama filin faɗa. Sabon kaya ba zunubi ba ne, yara su yi murna. Amma idan kaza ɗaya ce ƙarfinka, yanka ta da godiya.

Ko ranar ma, Littafi bai faɗe ta ba. Shaida mafi tsufa ta yin bikin a ranar 25 ga Disamba daga Roma take, ta shekarar 336, kuma Kiristocin Kibɗawa na Masar da na Habasha ranar 7 ga Janairu suke yi har yau. Kada mu ɓata bakinmu a gardamar kwanan wata.

Ɓangaren da ba a cika sa yara su yi wasan kwaikwayonsa ba shi ne na Matiyu. Hirudus, mutumin da tarihi ya tabbatar ya kashe matarsa da 'ya'yansa 3 saboda kishin sarauta, ya sa aka hallaka yara maza na Baitalami daga shekara 2 zuwa ƙasa. Yusufu ya tashi da dare ya ɗauki jaririn da uwarsa suka gudu Masar. Yesu ya yi gudun hijira tun bai iya magana ba. Matan da muke gani a titunan Gusau da goyo a baya, suna kwana a kangon da ba a gama ginawa ba, waɗanda suka baro ƙauyukan Tsafe da Bungudu da abin da hannu ya iya ɗauka, Ubangijinmu ya san halinsu daga ciki. Wannan shi ne nauyin sunan Imanuwel. Allah bai leƙo wahalarmu daga nesa ba, shigowa ya yi ya kwana a komin dabbobi.

Na san da yawa za su tafi gida, Zuru ko Kafanchan ko Jos ko kudu, kujerun majami'a su ragu. Ubangiji ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya. Ku da za ku zauna, kada ku ɗauka ku ne aka bari a baya. A daren farko ma ba taro aka yi ba.

Ga abin da nake roƙon kowane gida. Idan an sauke tukunya, kwano na farko ya tafi wurin wanda ba zai iya rama muku ba: gwauruwa a ikkilisiya, ko iyalin da suka yi hijira a unguwarku, ba tare da tambayar addininsu ba. Maƙwabcinka Musulmi da ya aiko maka da naman layya, aika masa da shinkafa, ka kuma tabbata naman irin wanda zai iya ci ne. Bargo ko rigar sanyin da yaranku suka fi ƙarfinta, kada ta kwana a akwati alhali wani yaro yana rawar ɗari.

A addu'ar iyali ta wannan mako, ku ambaci waɗanda ke hannun masu garkuwa, da matafiya a hanyar Gusau zuwa Funtuwa da ta Sakkwato, da sojoji da 'yan sandan da za su yi bikin a bakin daji, da shugabannin jiharmu. Ku kuma ambaci makiyaya, cikin sunan Yesu. Amin.