Gawon Gonarka da Lissafin Masana

Jama'ar Tasawa da Mayahi, manoma da makiyaya, a saurara. Kun sha jin ana cewa duniya na ɗumama, kun kuma ga yadda damina ta rikice. Fetur da gas da kwal da ake ƙonawa su ne ke fitar da iskar kabon, ita kuwa in ta taru a sama sai ta tsare zafin rana, ta hana shi fita. Kafin zamanin masana'antu, kashi 280 cikin miliyan na iskar duniya ne kabon, yau ya haura 420. Shi ya sa a 2015 ƙasashe suka hallara a birnin Faris suka ɗauki alkawarin rage hayaƙi, har da Nijar.

Ba mu ne muka cika sama da hayaƙi ba. Abin da Ba'amurke ɗaya ke fitarwa a shekara ya ninka na ɗan Nijar fiye da sau ɗari. Amma zafin ba ya tambayar mai laifi, kuma maganin da ke hannunmu shi ne itace. Itace na zuƙar kabon ya ajiye shi a jikinsa da saiwarsa, har kusan rabin nauyin busasshen icce kabon ne.

Dattawa ba su manta farin 1973 da na 1984 ba, lokacin da gonakin jihar Maradi suka zama fili fetal, iska na binne shuka da rairayi sai an sake shuka sau biyu, sau uku. An yi ta dasa itatuwa, akasarinsu suka mutu. A 1983 wani malamin gona ɗan Ostareliya, Tony Rinaudo, da ke aiki da mishan SIM a Maradi, ya lura cewa tsirran da ake sassabewa kowace bazara toho ne na kututturen da saiwarsu ke da rai a ƙasa. Daga nan dabarar raya wannan toho, wato sassaben zamani, ta bazu, manomi na koya wa manomi.

Ga yadda ake yi. In ka zo kan kututturen kalgo ko sabara ko gawo, kada ka share shi duka. Zaɓi tsiro biyu ko uku mafi ƙarfi da miƙewa, ka sare sauran. Rassan ƙasa ka datse su da kaifin gatari daga ƙasa zuwa sama, don kada ɓawo ya ɗaye, ka bar na sama. Ɗaura ƙyalle domin mai neman icce ya san da mai shi. Gawo kam a ba shi girmansa: yana kaɗe ganye da damina, don haka ba ya shanye hatsi da inuwa, ganyen ya zama taki, da rani kuma 'ya'yansa su ciyar da bisashe. Mutanen Gulbin Kaba su yi haka da kaba. Wadda aka bar wa kai ita ce gobe za ta zama goriba.

Masana sun bi sawun wannan aiki. Chris Reij da Gray Tappan, tare da 'yan ƙasa irin su Mahamane Larwanou, sun gwada hotunan sama na 1975 da na bayan 2000, suka ƙiyasta cewa hekta miliyan 5 sun farfaɗo a Maradi da Damagaram, da itatuwa wajen miliyan 200. Rahoton 2009 ya ce hakan na ƙara hatsi kimanin tan 500,000 a shekara. Ƙiyasi ne, wasu masanan na ganin an ɗan zarce, amma ba mai musun cewa itatuwan sun dawo. A 2023 kuma masanan NASA da na Jami'ar Kofenhagen suka ƙirga itatuwa biliyan 9.9 ta tauraron ɗan'adam a busassun ƙasashen Afirka da ke kudu da Sahara, ɗaya bayan ɗaya, har da kabon da suka ajiye.

Yanzu maganar kuɗi. Akwai kasuwa inda kamfanin da ke fitar da hayaƙi ke biyan wanda itatuwansa ke zuƙewa. A Humbo ta ƙasar Habasha an yi haka da irin wannan sassabe, Bankin Duniya ya biya ƙungiyoyin manoma. Sai dai kuɗin kabon na da wuyar fitowa: sai an auna, an tantance, an jira shekaru, masu shiga tsakani su ɗauki nasu. A ganina wanda ya bar itace don kuɗin kabon kawai zai gaji da jira ya sare shi. Riba ta kusa ita ce dami ya ƙaru, mata su huta da dogon zuwa icce, a sayar da rassa ranar kasuwa.

A da manomi na tsoron tarar ma'aikatan daji, shi ya sa yake tuge tsiro tun yana ƙarami. Dokar daji ta 2004 da ƙudurin gwamnati na 2020 sun ƙarfafa haƙƙin mai gona kan itacen da ya raya. Saboda haka in baƙo ya zo da takardar sayen kabon, kada kowa ya dangwala hannu sai an karanta masa ita a gaban maigari, an faɗi shekara nawa za ta ɗaure gonar, wa zai auna, nawa ne rabon mai gona, kuma ko an yarda ya datse reshe ya ba awakinsa.