DARASI: FAMFON ZAFI, NA'URAR DA KE ƊUMAMA GIDA TA KUMA SANYAYA SHI

Darasinmu na yau a kan wata na'ura ce da mutanen garuruwan bakin teku a Turai ke sakawa a gidajensu, ta ɗumama musu lokacin sanyi, ta sanyaya musu lokacin zafi. Zan kira ta famfon zafi. Ko ba ka da niyyar saye, ka bi darasin har ƙarshe, domin lissafin da ke cikinsa shi ne lissafin ɗakin 'yan tsaki da na ƙyanƙyasar tarwaɗa.

Yadda take aiki

Taɓa bayan firjinka, za ka ji ɗumi. Zafin cikin firjin ne aka kwaso aka zubar waje. Haka esi yake yi wa ɗaki. To famfon zafi esi ne mai iya juya aikinsa. Akwai wani bawul a ciki da ke sauya hanyar gas, sai na'urar ta koma tana kwaso zafin iskar waje tana turawa cikin ɗaki. Kar ka ce ina zafi a iska mai sanyi. Gas ɗin da ke cikin bututun ya fi iskar sanyi nesa ba kusa ba, don haka yake tsotsar ɗumin da ke cikinta, kwampireso ya matse shi ya yi zafi sosai, fanka ta hura cikin gida.

Ribar a nan take. Hita in ta ci yunit 1 na wuta, zafin yunit 1 za ta ba ka. Famfon zafi kuwa, da yake jigilar zafi yake yi, yunit 1 kan kawo na yunit 3 zuwa 4 idan sanyin waje bai tsananta ba. Dabarar ta daɗe: Lord Kelvin ya bayyana ta tun 1852, kuma a 1938 aka ɗumama ginin majalisar birnin Zurich da zafin da aka ja daga ruwan kogin Limmat.

Me ya sa bakin teku?

Ruwan teku ba ya saurin ɗaukar zafi, ba ya saurin sakinsa, shi ya sa garuruwan da ke gefensa sanyinsu da zafinsu ba sa wuce gona da iri. Ita kuwa na'urar, iya kusancin zafin waje da wanda kake so a ciki, iya sauƙin aikinta da ƙarancin wutar da za ta ci. Ɗaga zafi daga digiri 7 zuwa 21 ba ɗaya yake da ɗaga shi daga ƙasa da sifili ba. A Norwe fiye da rabin gidaje na da ita, har garin Drammen ke jan zafi daga ruwan teku yana raba wa gine-gine. A Ingila da Wales gwamnati ta ɗaga tallafin sakawa zuwa fam 7,500 a 2023.

Abubuwa biyar wajen sakawa

1. A gyara ginin tukuna. A toshe kafofin taga da ƙofa, a sa abin tare zafi a saman silin. Ɗumama gida mai kafa kamar zuba ruwa a kwando ne.

2. A auna girma. Ƙarama za ta wahala ba ta kai ba. Wadda ta yi yawa za ta riƙa tashi tana mutuwa, ta ci wuta, kwampireso ya gaji da wuri.

3. Kan waje ya samu iska. A ɗaga shi daga ƙasa, a bar masa fili gaba da baya. A iska mai laima ƙanƙara kan kama jikinsa idan zafin waje ya sauko kusa da sifili, sai na'urar ta narkar da ita da kanta, don haka dole a yi wa ruwan hanyar fita.

4. Gishiri. Iskar teku tana cinye siraran faifan alminiyon da ke kan waje. A nemi mai rufin kariya, a kauce wa ɓangaren da iskar ke bugowa kai tsaye, a riƙa ɗauraye shi da ruwan famfo.

5. Ma'aikaci ya zuƙe iska da laima daga bututun da injin zuƙa kafin ya saki gas. In ya tsallake wannan, na'urar za ta yi aiki yau, amma kwananta ya ragu.

Ina ruwan mai kiwo?

Mu nan ƙura ce gishirinmu, hunturu ne sanyinmu. Sanyin namu bai kai na Turai ba, don haka na'urar ba za ta sha wahala ba in akwai tsayayyar wuta. Sai dai yawancin esi da ke kasuwanninmu sanyi kaɗai suke yi, ka tambaya kafin ka biya.

Ga mai kifi, lissafin yana da daɗi. Ƙwan tarwaɗa da 'ya'yanta suna son ruwa mai digiri 27 zuwa 30. Ɗaga lita 1,000 da digiri 1 yana cin kusan yunit 1.16. Daga 22 zuwa 28 ke nan kusan yunit 7 da hita, wajen 2 da famfon zafi. Amma ka nemi irin ta ruwa mai bututun titaniyom, domin jan ƙarfe guba ne ga kifi. Ka kuma rufe tankin da dare, in ba haka ba abin da ka biya iska za ta kwashe.

Ga mai kaji, ni ban ba da shawarar ta ba a matakin ƙaramin kiwo. 'Yan tsaki a satin farko suna buƙatar digiri 32 zuwa 35, irin ta gida kuwa yawanci a 30 take tsayawa. Ga ƙurar dusa da gashi suna toshe matacinta, ga warin kashi yana cin ƙarfenta, kuma iskar ɗakin take juyawa, ba ta kawo sabuwa. Kaskon gawayi ko fitilar ɗumi tare da labule da 'yar kafar shan iska sun fi maka.

Kafin ka kashe ko sisi, sayi ma'aunin zafi. Ka rubuta abin da ya nuna a ruwanka ko ɗakinka da asuba da la'asar har sati biyu na hunturu. Tazarar da ka gani ita za ta gaya maka ko na'ura kake buƙata ko tamfol da labule sun isa. Mai tambaya ya turo, za mu duba a darasi na gaba.