Dokar Abu Mafi Ƙaranci: Darasi Daga Masana'antar Motocin Lantarki

Gabatarwa

Sau da yawa ɗalibai kan ɗauka cewa dokokin da ake koya musu a ajin kimiyyar halittu ba su wuce gona da ɗakin gwaje-gwaje ba. Wannan maƙala za ta ɗauki ɗaya daga cikin waɗannan dokoki, ta gwada ta a kan abin da ya faru da Rivian, wani sabon kamfanin Amurka mai ƙera a-kori-kura da ke tafiya da batir maimakon fetur. Tambayar ita ce: me ya sa kamfanin da yake da kuɗi, da masana'anta, da dubban masu jiran kaya, ya kasa miƙa musu motocinsu a kan lokaci?

Ita dokar

A shekarar 1828 wani masanin aikin gona Bajamushe mai suna Carl Sprengel ya bayyana cewa girman shuka bai dogara ga jimillar abincin da ke cikin ƙasa ba, ya dogara ne ga sinadarin da ya fi ƙaranci. Daga baya Justus von Liebig ya yaɗa wannan ra'ayi, har dokar ta ɗauki sunansa. Alal misali, idan gona ta rasa fosfaros, ko buhu nawa na naitirojin manomi ya zuba, masararsa ba za ta yi yabanya yadda yake so ba. A shekarar 1905 kuma F. F. Blackman na Ingila ya nuna haka a wajen haɗa abincin da ganye ke yi: ƙarin haske ba ya ƙara komai muddin iskar kabon ce ta yi ƙaranci.

Mai karatu ya kwatanta garwar ɗan ga-ruwa wadda ta huje a wurare uku. Komai yawan ruwan da aka zuba, ba zai wuce hujin da ya fi kusa da gindi ba. In aka toshe wannan, ruwan zai hau, amma zai tsaya a huji na biyu. Wato ke nan abubuwa biyu ne a cikin dokar: abu mafi ƙaranci shi ke da iko, kuma da zarar an magance shi sai ikon ya koma hannun wani.

Kamfanin da masana'antarsa

R. J. Scaringe ne ya kafa Rivian a shekarar 2009. A 2017 kamfanin ya sayi tsohuwar masana'antar Mitsubishi da ke garin Normal a jihar Ilinoi. A 2019 kamfanin Amazon ya yi odar motocin rarraba kaya 100,000 daga gare shi. A watan Satumba na 2021 a-kori-kura ta farko, mai suna R1T, ta fito daga masana'antar, kuma kafin ƙarshen wannan shekara masu ajiye kafin alƙalami sun haura 70,000. Amma motocin da aka ƙera a 2021 duka 1,015 ne, aka miƙa 920 ga masu su.

Huji na farko: kayan haɗi

Mota guda tana ɗauke da dubban sassa, kuma yawancinsu wasu kamfanoni ne dabam ke yin su. Batirin R1T ta farko kaɗai ya ƙunshi ƙananan ƙwayoyi 7,776. Ban da wannan akwai 'yan mitsitsin faya-fayan silikon, waɗanda su ne ƙwaƙwalwar motar; su ke sarrafa birki, da caji, da injinan lantarkin da ke juya tayoyi. Bayan annobar korona ta 2020 waɗannan faya-fayai sun yi wuya a duniya baki ɗaya. Masu yin su kuwa sun fi kula da tsofaffin abokan cinikinsu masu sayen miliyoyi, sabon shiga sai ya bi layi.

A watan Maris na 2022 Rivian ya sanar cewa masana'antarsa za ta iya fitar da motoci 50,000 a shekarar, amma rashin kayan haɗi ya sa ba zai wuce 25,000 ba. A nan dokar Liebig ta bayyana ƙarara. Injina suna nan, ma'aikata suna nan, amma motar da ta rasa fefe ɗaya wanda bai kai girman farce ba, ba za ta bar harabar masana'anta ba.

Huji na biyu: hanya

Da kayan haɗi suka fara samuwa, sai matsalar ta ƙaura zuwa waje. A 2022 an ƙera motoci 24,337, aka miƙa 20,332. A 2023 an ƙera 57,232, aka miƙa 50,122. Mai karatu zai lura cewa tazarar ta tashi daga 4,005 zuwa 7,110. Ina sauran motocin suka maƙale?

Dalili na farko shi ne nisa da nauyi. Garin Normal yana tsakiyar Amurka, kuma daga can zuwa Los Anjalis tafiyar kusan kilomita 3,000 ce. R1T ta fi tan 3 nauyi saboda batirinta, don haka tirela ba ta iya ɗaukar adadin da takan ɗauka na ƙananan motoci. A 2022 kamfanin ya karkata ga jirgin ƙasa, wanda ya fi arha kuma ya fi ɗaukar kaya, amma sai an jira taragai sun cika, kuma tafiyarsa ta fi daɗewa. Kamfanin da kansa ya faɗa cewa wannan sauyi zai faɗaɗa tazarar da ke tsakanin abin da aka ƙera da abin da aka miƙa.

Dalili na biyu shi ne tsarin sayarwa. Tsofaffin kamfanoni irin su Ford suna sauke motocinsu a hannun dubban diloli, su kuma su ajiye, su duba, su sayar. Rivian ya zaɓi ya sayar kai tsaye ga mai saye. Saboda haka duba mota, da yi mata caji, da cika takardu, da miƙa makulli duk sun hau kan cibiyoyinsa, waɗanda ba su da yawa a lokacin. Bugu da ƙari, dokokin wasu jihohi sun taƙaita irin wannan ciniki na kai tsaye.

Huji na uku: gyara

Cibiyoyin da ke miƙa sababbin motoci su ne kuma ke gyaran waɗanda aka riga aka sayar. A watan Oktoba na 2022 kamfanin ya kira motoci fiye da 12,000, kusan duk abin da ya sayar zuwa lokacin, domin a duba wani noti a haɗin sitiyari wanda ake zaton bai ɗauru sosai ba. Aikin 'yan mintoci ne a kan kowace mota, amma in an tara shi sau dubbai, lokacin makanikai ne ya tafi.

Ko bayan shekaru uku dokar ba ta saki kamfanin ba. A watan Oktoba na 2024 ƙarancin wani sashe guda na injin lantarki ya tilasta masa rage hasashensa daga motoci 57,000. A ƙarshen shekarar 49,476 ya ƙera, amma ya miƙa 51,579, domin ya ci daga rumbun da ya taru a baya.

Kammalawa

Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Kamfanin da ya faɗaɗa masana'anta bai faɗaɗa hanyar samun kaya, da ta sufuri, da ta gyara tare da ita ba, zai tara motoci a fili yayin da masu saye ke zaman jira, kuɗinsa kuma suna kwance. Abin da ɗalibi zai riƙe shi ne, a kowane tsari mai matakai, ko a ganye ko a masana'anta, tambayar farko ita ce: wane mataki ne ya fi rauni a yanzu? Ƙoƙarin da aka zuba a wani wuri dabam asara ne.

Aiki ga ɗalibai

1. A lissafa kashi nawa cikin ɗari na motocin da aka ƙera aka miƙa a 2022, da kuma 2023.
2. Masana'anta tana ƙera motoci 200 a rana, jirgin ƙasa yana kwashe 150, cibiyoyi suna miƙa 120. Motoci nawa za su taru cikin kwana 30, kuma a ina da ina?
3. A shuka wake a tukwane uku, a rage wa ɗaya ruwa, ɗaya haske, a bar ɗaya da komai. A auna tsawonsu kowane mako, a bayyana sakamakon bisa dokar Liebig.