Kundin Tarihin Ɗan Kwangila

Idan gwamnati za ta sayi kujerun makaranta, 'yan kwangila kan gabatar da farashinsu. Amma araha ba ta ado: mai sauƙin farashi yana iya makara, ko ya kawo kaya marasa ƙwari. Don haka ake ajiye tarihin aikin kowannensu.

Abubuwa uku ake aunawa: cika alkawari a kan lokaci, ingancin kaya, da tsayawa kan kuɗin da aka yi yarjejeniya. Alal misali, wanda aka ba kwangila 20 ya cika 15 a kan lokaci, makinsa 75 cikin 100 ne. Wanda ya cika 2 cikin 2 kuwa ya ci 100, amma shaidarsa ta yi kaɗan.

A Nijeriya, dokar sayayyar gwamnati ta 2007 ta ɗora wa hukumar BPP ajiye bayanan 'yan kwangilar tarayya. Kamfanin da kotu ta kama da karya dokar ana haramta masa kwangila aƙalla shekara 5.

Sai dai darajar kundin tana hannun jami'in da ya karɓi kayan. In ya rubuta ƙarya, ɗalibai ne za su zauna a ƙasa.