Tsoron Maciji da Gizo-gizo: Jan Hankali ga Ɗaliban Yola da Jimeta

Kowace shekara ɗalibai sababbi suna zuwa Jami'ar Modibbo Adama, wadda aka kafa a 1981, da Kwalejin Ilmi ta Tarayya da ke Yola. Da yawa daga cikinsu sun tashi a tsakiyar birni, ba su taɓa zama kusa da daji ba. Akwai wanda tsoron maciji da gizo-gizo kan hana shi barci, ko fita ɗakin karatu da dare, har abin ya taɓa jarrabawarsa. Maganin wannan shi ne ɗalibi ya san abin da ya cancanci tsoro, da wanda bai cancanta ba.

Gizo-gizo

Yawancin gizo-gizon da ake gani a ɗakunan kwana ba su da wata illa ga ɗan Adam. Hasali ma sauro da ƙuda suke ci. Idan an share yanarsu sau ɗaya a mako, an kaɗe takalma da tufafi kafin a sa, to, an gama da su. Kaɗe takalma kuwa yana kare mutum daga kunama, wadda ta fi gizo-gizo haɗari nesa ba kusa ba.

Maciji

Shi maciji maganarsa dabam ce. Kwarin Kogin Binuwai yana cikin wuraren da aka fi samun saran maciji a Nijeriya. Mafi ɓarna ita ce kububuwa, wadda tsawonta bai cika wuce ƙafa biyu ba. Dafinta yana hana jini daskarewa, har a ga jini yana fita ta dasashi ko cikin fitsari. Akwai kuma kasa, da gamsheƙa mai tofa dafi a ido. A 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa saran maciji cikin cututtukan ƙasashe masu zafi da aka yi wa sakaci.

Duk da haka maciji ba ya farautar mutum. Yakan yi sara ne in an taka shi ko an tsare masa hanya. Abin da ke jawo shi gida shi ne ɓera da wurin ɓuya. Saboda haka ya wajaba a nome ciyawa kewaye da ɗakunan kwana, a rufe abinci, a toshe ramuka. Mai fita da dare ya riƙe tocila, ya sa takalmi rufaffe. A ƙara kula da damina, musamman lokacin ambaliya irin ta 2012 da 2022, domin ruwa yakan koro macizai zuwa tudu.

Idan an yi sara

1. A kwantar da hankalin mutum, a hana shi gudu ko yawan motsi.
2. A cire zobe ko agogo kafin wurin ya kumbura.
3. Kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure shi tamau.
4. Kada a ba shi asfirin, gama yana ƙara zubar jini.
5. A kai shi asibiti nan take, ko da yana jin sauƙi, domin illar dafin kububuwa takan jinkirta bayyana. Allurar kashe dafi ita ce magani.
6. In dafi ya shiga ido, a wanke da ruwa mai yawa, sannan a tafi asibiti.

Rage tsoro

Hausawa sun ce wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Amma yawan gudu ƙara tsoro yake yi. Likitoci suna rage shi ne sannu a hankali: mutum ya fara da kallon hoto, sannan ya tsaya a ɗakin da gizo-gizo yake, daga baya ya share yanar da hannunsa. Bai kamata abokai su riƙa yi masa ba'a ko su tsorata shi da igiya ba. Wanda tsoro ya hana shi barci ko karatu, ya je asibitin makaranta ya yi bayani, ba abin kunya ba ne.

Ɗalibin da ya kiyaye waɗannan ya tsare lafiyarsa, ya kuma tsare karatun da iyayensa suka turo shi yi. Rigakafi ya fi magani.